Ranar Da Mai Makullai Ya Shiga Layi

Shekara ashirin da shida ke nan yana riƙe da makullan ginin taro na jami'ar, har sunansa na ainihi ya ɓace daga bakin mutane. Ɗalibai su ce Baba Makulli, ma'aikata su ce Mai Makullai, duk wanda aka kira yana amsawa da fara'a, muddin ba a ja masa kujera a ƙasa ba. Wannan kam ba ya yafewa. Kujera ɗagawa ake yi. Babban zauren yana da kujeru ɗari uku da goma sha biyu, da fankoki goma sha huɗu, biyu daga ciki ba sa tashi sai an zungure su da doguwar sanda, sai tayil arba'in cif daga bakin ƙofa zuwa gindin dandamali. A saman bene kuma ofisoshi ne, tun daga na shugaban kula da ɗalibai har na masu buga takardu, duk shi ke buɗewa da safe, shi ke rufewa da yamma.

Shugabannin ɗalibai kuwa ya ga iri-iri. Ya ga waɗanda suka shigo da tsawa suka fita ta ƙofar baya, ya ga masu sanyin murya da suka zama manya a gari, har yanzu in sun hango shi sai sun tsayar da mota. Ba ya bukatar jin jawabin yaro kafin ya san shi. Jira yake a tashi daga taro, ya ga yadda ya bar kujerarsa.

Abin da ɗalibai ba su sani ba shi ne, yarinyar nan 'yar aji uku a sashen shari'a, wadda suke kira Lauya saboda ko gaisuwa sai ta kawo mata hujja, autarsa ce. Kuma kada a ɗora mata laifi, ba ita ta ɓoye ba. Shi ya kafa dokar tun ranar da sunanta ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka: daga ƙofar jami'a zuwa ciki, ba ta san shi ba, bai san ta ba. Mota ɗaya suke hawa da safe, ita ta sauka a babbar ƙofa, shi ya zarce zuwa ta ma'aikata. In sun yi kiciɓis a baranda ta ce, "Sannu, Baba," kamar yadda ɗalibai dubu suke cewa, ya ce, "Yawwa, 'yan makaranta," ya wuce yana kaɗa makullai. Don ma kada wani ya yi zargi, sau uku tana zuwa nema wa ƙungiyarsu zaure yana mayar da ita, wai takardarta ba hatimi, alhali ya sha buɗe wa wasu da takardar da ko sa hannu babu.

Yana da dalilinsa, kuma dalilin ba ƙarami ba ne. Shekara goma sha biyu da suka wuce, ɗan wata mai shara a ginin nan ya tsaya takarar shugaban ɗalibai. Yaro ne mai kai, ga iya magana, kowa ya ce ya gama cin zaɓe. Saura kwana biyu aka wayi gari an zana tsintsiya da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, a kan kowace fastar takararsa, daga ɗakin karatu har ɗakunan kwana. Mai Makullai aka sa ya kankare su daga bango. Yana kankarewa, uwar yaron tana binsa a baya tana share guntayen takardun, fuskar ɗanta a yayyage a bakin tsintsiyarta. Yaron ya sha ƙasa. Tun daga ranar Mai Makullai ya riƙe abu ɗaya game da 'yan boko: a takarda suna son talaka ƙwarai, amma ba su cika son ganinsa a kujerar gaba ba.

To yanzu ga autarsa ta tsaya takarar kakakin majalisar ɗalibai, kuma a zaurensa za a kaɗa ƙuri'a.

Da safen ranar zaɓen, matarsa tana tace masa shayi tana harararsa ta gefen ido.

"Shekara uku kai da 'yarka kuna wasan ɓuya a mota ɗaya. Ranar da za a miƙa mata takardar kammalawa ma bayan labule za ka laɓe?"

"Ai dama ni ke jan labulen," ya ce. "Zan fi kowa ganin ta kusa."

Auta tana ɗaura takalmi a bakin ƙofa. "Baba, ni fa na gaji. Kwana biyu ana koya mana kowa ya san asalinsa ya riƙe shi hannu biyu, ni kuma ina zaune ina kallon kana kwashe robobin ruwan da muka sha."

"To ku daina jefarwa a ƙasa mana."

"Ni ban jefar ba."

"Na sani. Kujerarki ma kin mayar da ita daidai. Ki bar ni da aikina, ki je ki ci zaɓenki. Bayan kin ci, in kina so ki hau kan rufi ki yi shela."

"In na ci da ɓoyo, wa aka zaɓa ke nan?"

"Ke dai aka zaɓa. Wuce mu tafi, Lauya, nan ba kotu ba ce."

Uwar ta bi su da kallo. "Kunnuwanku ma iri ɗaya ne, ga faɗi, ga rashin jin magana."

Bita ce ta kwana uku da aka shirya wa shugabannin ɗalibai su talatin da ɗaya, wakilan sassa da na ɗakunan kwana da na ƙungiyoyi, a kan adalci tsakanin jama'a da sanin kai. A ƙarshenta ne za su zaɓi kakaki a tsakaninsu. Mai koyarwar wata dokta ce 'yar firit, gilashi a rataye a wuya, da sauri kamar an kunna ta. Mai Makullai yana ganin girmanta don tana tsayawa ta gaishe shi da kyau, amma yana jin haushin salatif ɗin da take manna manyan takardu da shi a bango, in an ɓare sai ya taho da fenti. A takardun an rubuta kalmomi ɓaro-ɓaro: gata, wariya, asali, murya. Ranar farko sun yi awa biyu cur suna tattauna mutuncin ƙaramin ma'aikaci, har wata ta share hawaye. Da suka tashi ya tsinci robar ruwa ashirin da tara a ƙarƙashin kujeru. Mutum biyu ne kacal suka jefa nasu a kwando, autarsa da abokin takararta.

Abokin takarar wani dogon saurayi ne daga sashen tattalin arziki, ana ce masa Mai Kwat, don ko rana na narka kwalta yana cikin kwat, kuma ba ya maimaita ɗaya sau biyu a mako. Ana raɗe-raɗin ubansa babban mutum ne a wata ma'aikata, shi kuma bai taɓa cewa e ko a'a ba, sai dai ya gyara wuyan riga. Mai Makullai ya daɗe yana kallon kwat ɗin nan. Na kanti ba ya zama a kafaɗar mutum haka, kamar an zuba shi. Amma ba a tambaye shi ba.

Rana ta uku da hantsi Dokta ta ce a kwashe kujeru duka. Ya kwashe, takwas-takwas, ya jingina da bango. Ta jera ɗaliban kafaɗa da kafaɗa a tsakiyar zaure suna fuskantar dandamali, ta ɗaga wata takarda.

"Zan riƙa karanta magana. In ta shafe ka, ka yi taku ɗaya, gaba ko baya, yadda na ce. A ƙarshe kowa zai ga inda rayuwa ta ajiye shi tun kafin ya yi wani ƙoƙari nasa. Doka biyu ce. Kada ƙafarka ta yi ƙarya. Kuma ba mai tambayar wani dalili."

Nan take gardama ta tashi, don takun Mai Kwat ya yi biyun na wata gajeriyar wakiliyar masu koyon jinya. 'Yan boko talatin da ɗaya suka tsunduma muhawara a kan mene ne taku. Wani ya ce a kawo ma'auni, wani ya ce a kafa kwamiti. Mai Makullai yana gefe yana zungurar fanka, ya kasa haƙuri.

"Dokta, ga tayil a ƙasa. Kowa ya taka ɗaya."

Dokta ta dubi ƙasan kamar yau aka shimfiɗa shi. "Baba, ka fitar da mu. Zo ka nuna musu."

Ya jingine sanda, ya zo ƙarshen layi, ya taka tayil ɗaya, ya dawo. Zai juya ta ce, "A'a, tsaya a nan. Kai ma ɗan gidan nan ne, ka ma riga mu zuwa. A yi da kai."

Ɗalibai suka sa tafi. "Baba ya shiga takara." "Baba, a taimaka a bar mana kujerar kakaki." Ya so ya zame, amma ya san in ya ƙi sai abin ya fi jan ido. Ya tsaya, makullai a ƙugu. Mutum huɗu ne tsakaninsa da autarsa.

"Wanda masu gadi ba su taɓa tsayar da shi a ƙofa suna neman katin shaida ba, taku ɗaya gaba."

Ya ɗan yi tunani. Masu gadin nan tare suke shan shayi, rabinsu ma shi ya nuna musu inda banɗaki yake ranar da suka kama aiki. Ya taka. Shi, da 'ya'yan malamai, da autarsa. Wannan ya ɗan ba shi mamaki, amma ba lokacin tunani.

"Wanda bai taɓa kwana da fargabar za a kore shi saboda faɗuwa jarrabawa ba."

Jarrabawar ƙarshe da ya rubuta tun yana aji huɗu a firamare ce, ita ma bai jira sakamako ba. Ya taka. Wannan karon daga shi sai wata yarinya da kowa ya san ba ta da aiki sai karatu.

"Wanda zai iya shiga ofishin shugaban kula da ɗalibai ba tare da an ajiye shi a benci ba."

Ya taka, makullai suka yi ƙara, zauren ya fashe da dariya.

Wanda bai taɓa rasa kujera a wurin lacca ba. Ya taka. Wanda bai taɓa bin layin rajista tun sassafe ba. Ya taka. Wanda in ya yi magana a ginin nan ake saurara masa. Ya tuna yadda farfesoshi ke tsayawa cak in ya ce ƙasa a jiƙe take. Ya taka. Kafin a kai tambaya ta goma, Baba Makulli yana gaban kowa da tayil uku, ya bar 'yar mataimakin shugaban jami'a a baya tana kallon ƙeyarsa.

"Ashe Baba ne ɗan gatan makarantar nan," wani ya ce.

"Baba, ka ɗauke ni riƙo," in ji sakataren ƙungiyar wasanni.

Dokta ta ɗora gilashi a hanci, ta juya takardar gaba da baya kamar wadda aka sauya wa. Shekara shida tana yin wannan darasi, bai taɓa fito mata haka ba. Shi kuwa abin ya fara yi masa daɗi. Har gyara tsayuwa ya yi, ya ɗan turo ciki.

Sai tambayoyin suka sauya.

"Wanda aka taɓa yi wa dariya saboda yadda yake furta magana, taku ɗaya baya."

Ya ja baya. Ya tuna ranar da ya kira sunan wani sashe ba daidai ba a gaban sababbin ɗalibai, suka yi ta maimaitawa har ƙarshen zango. Ya ji takun mutane da yawa a bayansa. Dariyar ta ragu.

"Wanda aka taɓa yin maganarsa a gabansa kamar ba ya wurin."

Ya ja baya.

"Wanda ya taɓa ɓoye sana'ar iyayensa don kada a raina shi, taku ɗaya baya."

Wannan ba tasa ba ce. Ubansa mai gyaran keke ne, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi minti biyar sai ya ji labarin. Amma wuyansa ya juya da kansa. Mutum tara suka ja baya. Ya ga wakiliyar masu jinya, ya ga sakataren wasanni. Ya ga Mai Kwat ya ja a hankali, yana kallon sama kamar fanka yake dubawa. Ya ga autarsa. Ba ta sunkuyar da kai ba, shi take kallo ido cikin ido, ta ɗaga ƙafa ta ajiye a tayil na baya. Shi ya ja ta zuwa can da hannunsa, ya sani, ita ma ta san ya sani. Ya mayar da kansa gaba. Fankar da ya zungura ɗazu ta sake tsayawa, bai ko lura ba.

"Wanda a gidansu akwai wani ɗan jami'a, ba shi ba, taku ɗaya gaba."

Ƙafarsa ta dama ta tashi tun kafin ya ba ta izini. Shekara uku ke nan ƙafar nan tana jiran wannan tambaya. A cikin 'ya'yansa biyar wannan ce ta kai, kuma bai taɓa samun wurin da zai faɗa da babbar murya ba. Amma ya san yaran nan, in abu ya yi musu daɗi dokar Dokta ba za ta riƙe bakinsu ba. Baba, wane ne? Wane sashe? Kuma saura awa uku a kaɗa ƙuri'a. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar zakara a cikin yayyafi, sai ya sunkuya ya sosa idon sawu, ya mayar da ita inda take.

"Ta ƙarshe," in ji Dokta. "Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke aiki a wannan jami'a, taku biyu gaba."

Don 'ya'yan farfesoshi aka rubuta tambayar, kowa ya san haka, su ma sun sani, suka taka suna ɗan murmushin kunya. Su shida ne. Ya ƙirga su da kunne, bai juya ba. Sai ya ji na bakwai. Takalmin ya sani, shi ya kai shi wurin mai gyara makon jiya aka sa masa ƙarfe a dunduniya. Ƙwas. Ƙwas.

"Lauya, dama 'yar gida ce ke?" wani ya ce. "A wane sashe babanki yake koyarwa?"

"Ba a tambaya," in ji Dokta.

"Ba komai, Dokta, ni na yarda a tambaye ni." Muryar nan tata ta kotu ta ɗauko. "Sashen kujeru yake. Ga shi can gaba, ɗan gatan makaranta. Kuma ina da ƙorafi a kansa. Ya karya doka ta farko. Tambayar da ta wuce tasa ce, ya tsaya yana sosa ƙafa. Baba, matsa. Saura maka tayil ɗaya."

Ya juyo ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, yana neman wadda za ta fara yatsina, don ya san raini daga gefen hanci yake farawa kafin ya kai baki. Ya ga biyu ko uku. Sauran baki kawai suka saki. Abin da ya kulle shekara uku ya riga ya fito, kuma duk tarin makullan da ke ƙugunsa babu wanda zai mayar da shi. To tunda haka ne, ai gara ya ci tayil ɗinsa. Ya gyara hula, ya ɗaga ƙafa sosai yadda na baya za su gani, ya taka.

Wakiliyar masu jinya ce ta fara tafi, sauran suka ɗauka. Sakataren wasanni ya riƙe kai. "Wallahi kunnuwan. Ku dubi kunnuwan. Ya aka yi ba mu gani ba?"

Ɗaya daga cikin masu yatsinar ta ce ƙasa-ƙasa, amma yadda za a ji, "Shi ya sa ƙungiyarsu ba ta rasa zaure."

"Wace ƙungiyar?" in ji mataimakin Lauya a ƙungiyar 'yan shari'a. "Sau uku tsohon nan yana koro mu, wai hatimi. Ƙarshe a gindin bishiya muka yi taron, tsuntsu ya ɓata min takardar jawabi. Baba, ashe 'yarka kake yi wa wannan mugunta?"

"Takardarku ba hatimi," ya ce.

Da dariya ta lafa, Dokta ta ce kowa ya zauna a ƙasa, a daidai inda ya tsaya. Suka zauna ba tare da kaɗe wuri ba, abin da ya yi wa Mai Makullai daɗi a ɓoye, don tayil ɗinsa ba ya ɓata tufa.

"Kuskuren nawa ne," ta ce. "Na rubuta tambayoyin nan kamar ɗalibai da malamai ne kaɗai mutane a jami'a. Baba, kai da ka zo na ɗaya, me ka gani daga can gaba?"

Ba ya son magana a taro, amma an tambaye shi.

"Dokta, sau ɗaya kawai ƙafata ta yi ƙarya, kuma an kama ta. Ofishin sama ina shiga kullum, gaskiya ne. Amma ina shiga ne kafin mai shi ya zo, in fita kafin ya zauna. Shekara ashirin da shida ban san ko kujerun manyan nan suna da laushi ba, na dai san nauyinsu. In za ki sake tambayar, kada ki ce wa ke shiga. Ki ce wa ake ce wa zauna."

Dokta ta rubuta a bayan takardarta. Ɗalibai suka yi shiru irin na masu shirin sake tafi, shi kuma ba ya son a mayar da shi darasi, sai ya ƙara da cewa, "Sannan salatif ɗin nan naki yana cin fenti."

Da aka tashi hutun rana bai nemi abinci ba. Ya shiga sito ya ɗauko wuƙar kankare bango, ya sa a aljihu, ya bi baranda. Tafi a zaure abu ne mai sauƙi, ya sha gani. Abin da yake so ya gani shi ne abin da za a yi da maka a inda ba kowa. Fastar autarsa ta farko a allon sanarwa lafiya lau. Ta biyu, a can gindin matakala, an rubuta mata wata kalma marar daɗi da biro, ƙanana-ƙanana, irin rubutun matsoraci. Ya kankare ta, ya zuba guntayen a aljihu, kuma har yau bai gaya wa kowa abin da aka rubuta ba. Ta uku, wadda ke kusa da famfo, tun daga nesa ya hango baƙin zane a jikinta. Ya matsa. Makulli ne aka zana, ƙato, a ƙarƙashin hoton autarsa. Bai san ko zagi ne ko yabo ba, kuma ba shi da niyyar tsayawa bincike. Ya ɗora wuƙa.

"Baba, don Allah kada ka kankare. Na sha wahala kafin haƙoran su fito."

Mai Kwat ne, maka a hannu, ya cire kwat ya rataya a kafaɗa, karon farko da aka ga hannun rigarsa a jami'ar nan. Ya nuna tasa fastar da ke gefe. A ƙarƙashin nasa hoton an zana almakashi, da wani abu mai kama da maciji.

"Wannan fa?"

"Tef ɗin awo ne. Ban iya zane ba." Ya sosa ƙeya. "Babana tela ne, Baba. Shagonsa bai kai sitonka ba. Duk kwat ɗin nan ragowar yadin mutane ne."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Shagon ne ban sani ba. Amma wanda ya ɗinka wa kafaɗar nan kwat ya san ta tun tana ƙarama."

Mai Kwat ya yi dariya, ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago. "Amma fa kada ka ɗauka na janye. Kayar da ita zan yi."

"Ka gwada. Ni shekara ashirin da biyu ina gwadawa a gida."

Ƙarfe uku aka kaɗa ƙuri'a a cikin kwalin da ya ba su. Bai zauna a zaure ba. Ya shige sito ya bar ƙofa a ɗan buɗe, ya kama gyaran wata kujera da ba abin da ya same ta. Dokta tana kiran ƙuri'u ɗaya-ɗaya, shi kuma yana ajiye ƙusoshi a kan tebur, na Lauya a dama, na Mai Kwat a hagu. Biyar da bakwai. Tara da tara. Sha biyu da sha uku. Sai wata ƙusa ta gangara ta shige ƙarƙashin kanta, ya durƙusa nemanta, kafin ya fito da kai zaure ya ɗauki sowa, bai san ta waye ba. Ya tsaya a durƙushe, ƙusa a hannu.

Ƙofa ta buɗe. Auta ce, tana haki.

"Sha shida da sha biyar."

"Wa ke da sha shidan?"

"Baba, ka taɓa ganin wanda ya faɗi ya rugo da gudu?"

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya juya mata baya kamar yana neman wani abu a kan kanta, ya ɗan daɗe yana nemansa. "Ƙuri'a ɗaya," ya ce. "Da kin bi maganata, da biyar za ki ci."

"Ko in faɗi da biyar."

Ba wanda zai taɓa sanin wanne ne gaskiya, kuma har gobe kowannensu yana riƙe da nasa.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ba shi wahala a duk ranar. Majalisa ta yanke shawararta ta farko, cewa yau Baba ba zai taɓa kujera ba. Mai Kwat da sakataren wasanni suka kama hannunsa suka hau da shi dandamali, suka ce ya zauna a babbar kujerar baƙi. Ya zauna. Ashe ma ba wani laushi, kuma ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, ya sa a ransa gobe zai duba. Daga can sama ya zuba ido yana kallon shugabannin gobe suna jan kujerunsa a ƙasa, ƙiii, ƙiii, suna ɗora su goma-goma, wasu sha biyu, wani jerin har ya fara sunkuyawa kamar zai gaishe da mutane. Ya daure minti ɗaya. Ya daure na biyu.

"Ɗagawa ake yi," ya ce. "Takwas-takwas. Ke 'yar mataimakin shugaba, bayan kujera ke kallon bango, ba gaba ba. Malama Kakaki, ke ma ba a ce ki tsaya kina dariya ba."

Sai da suka sake aikin daga farko.

Da ya rufe ginin, ya nufi hanyar ƙofar ma'aikata yadda ya saba, Auta ta karɓe jakarsa ta yi hanyar babbar ƙofa. Dole ya bi jakar. Suna tafe kafaɗa da kafaɗa, yana ta gyaran murya, bai san inda zai sa hannunsa ba. A bakin ƙofa shugaban masu gadi yana zaune a bencinsa yana kallonsu tun daga nesa.

"Mai Makullai, yau an tashi daga wasan ke nan?"

"Wane wasa?"

"Haba. Tun ranar da ta zo rajista muka gane. Masu shara sun sani, direbobi sun sani, mai buga takardu ya sani. Ka taɓa jin an tambaye ta kati a ƙofar nan?"

Mai Makullai ya tsaya. "Shekara uku?"

"Mun ga kana jin daɗin abinka ne, muka ce a ƙyale ka." Ya juya wajen Auta. "Ranki ya daɗe, Kakaki. In an zauna, a tuna da rumfarmu, tana yoyo."

Suka fita titi. Auta tana dariya har tana dafa bango. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya matso ya rage murya.

"Wannan na ƙarshen, kada ki gaya wa uwarki."

Ta riga ta sa waya a kunne.